Deribe mai fenti da ya ƙi rufe fuska

Ni Absalom, fenti nake sayarwa a Jimeta, da buroshi da rola da samfefa da sauran tarkacen gyaran gida. Masu fenti iri-iri sun taka shagona, amma babu wanda ya ɓata min rai kamar Malam Deribe, babu kuma wanda tausayinsa ke cin raina kamarsa.

Daga Bama ya zo, shekarar da garin ya faɗa hannun 'yan Boko Haram. A ƙafa suka fito, shi da matarsa Kellumi da 'yarsu Khairat, lokacin tana 'yar firamare. A can ɗinkin hula yake yi. To, a sansanin gudun hijira wa ke ta hula? Sai ya bi wani mai fenti yana riƙe masa tsani, har ya koyi aikin. Hannun ɗinki kuwa ba ya ɓuya. In Deribe ya ja layi a kusurwar bango, sai ka ce da zare aka auna. Nan da nan aka fara nemansa daga Jimeta har cikin Yola.

Wanda bai san aikin ba yana zaton shafa launi ne kawai. Ina! Sai an shafe bango da farin siminti, ya bushe, a goge shi da samfefa har ya yi santsi. Ƙurar kamar garin fulawa take, ta cika ɗaki, ta cika hanci. Ga fenti mai sheƙi da ake sirkawa da tina, warinsa kaɗai na juya wa mutum kai. Shi ya sa kowa ya sayi fenti a wajena sai na cusa masa takunkumin fuska da tabarau da safar hannu. Deribe da farko ba ya gardama, yana sawa.

Abin ya lalace ne lokacin da bama-bamai ke tashi a garin nan, kowa na tsoron kowa. Yana aiki a wani gida a Shagari Low Cost, ya fito neman ruwan sha, takunkumi a fuska, jakar kayan aiki a kafaɗa, galan ɗin tina a hannu. Wani ya tambaye shi ina za shi, ya amsa da Hausarsa ta Barno. Shi ke nan. Aka sa ihu wai ɗan ƙunar baƙin wake ne, samari suka rufe shi da duka. Ba don mai gidan ba, Madam Edith, malamar makaranta, da ta fito ta faɗa kansa tana kuka tana cewa mai fentinta ne, da ranar an gama da shi.

Da ya samu sauƙi ya zo shagona, baki har yanzu a kumbure. Na miƙa masa sabon takunkumi, ya tura min abina.

Ya ce, "Oga Absalom, ba zan ƙara rufe fuskata a garin nan ba. Kowa ya gan ni, ya san ni ne."

Na ce a cikin ɗaki zai sa, in zai fita ya cire. Ya ce ai ranar ma mantawa ya yi. Ya ce kada in damu, yana da magani. Maganin kuwa shi ne abin da masu fenti suka ɗauka gaskiya: wai in ka sha madara bayan aiki, ta wanke maka ƙirji. Kullum ya tashi, gira da gashin hanci fari fat, sai ya tare mai nono ya sha kindirmo, ko ya fasa gwangwanin madara ya kwankwaɗe. Na yi faɗa har na gaji. Na ce madara ciki take zuwa, ƙura huhu take zuwa, a ina za su haɗu? Sai ya yi dariya ya ce kayana nake son sayarwa. Allah ya sani, kyauta na ba shi ya ƙi karɓa. Ko da korona ta zo, gari kaf ya rufe hanci, Deribe fuska a buɗe ya yi ta yawo.

Tari ya fara a hankali. Daga baya in ya hau tsani sai ya tsaya a tsakiya yana haki. Kellumi ta zo har shago tana roƙona in yi masa magana, wai yana jin tawa. Wace tawa yake ji? Da aka kai shi asibiti, likita ya ce huhun ya riga ya lalace, ba gyara, sai dai lallaɓawa, kuma kada ya ƙara kusantar fenti. Masu kiransa aiki suka daina ɗaya bayan ɗaya. Kellumi ta koma suyar ƙosai a bakin titi.

Bana Khairat ta samu miji, wani malamin Islamiyya a Namtari. Deribe ya rantse babu mai shafa ɗakin 'yarsa sai shi. Ya zo ya zaɓi launi da kansa, ruwan madara mai haske. Na bi shi ranar, don hankalina bai kwanta ba. Ya tsoma rola, ya shafa bango guda daga ƙasa zuwa daidai kafaɗarsa. Da ya ɗaga hannu sama, numfashi ya ƙi. Ya durƙusa yana tari har na ga jini a bakinsa. Na ciccibo shi waje, na kira wani mai fenti, Zadok, ya ƙarasa aikin.

Ran kai amarya mata suka gama jere, ana ta shiga ana yaba ɗaki. Khairat ta fito ta kama hannun Deribe ta ce, "Baba, zo ka gani." Ya tashi, ya taka har bakin ƙofa. Warin sabon fenti ya doke shi, ya dafe ƙirji ya ja da baya. Aka zaunar da shi a benci a ƙarƙashin dalbejiya, can nesa da ɗakin.

Ina tsaye kusa da shi. Da tarin ya lafa, ya jawo rigata, ya ce a hankali, "Kusurwoyin sun miƙe kuwa?"

Ban duba ba. Na ce masa sun miƙe.