Jar Fitilar da Ta Kunna Kanta a Shagona

'Yan'uwa masu karatu, wa ɗaya nake da shi a duniya, Yaya Sani, kuma wallahi abin nan a kaina ya faru, shekarun baya, a shagona na kayan wutar mota kusa da Tina Junction.

Sana'ar tana da ƙa'ida: jar fitila ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana, shuɗiya ta 'yan sanda, ruwan lemo ta masu jan mota. Akwai wasu jajaye guda biyu da suka zo mini a kwali ɗaya, na ɗaura ɗaya a motar asibitin da Baba Pam ke tuƙawa, ɗayar na ajiye a kanta. Shi Pam yana da ɗabi'a, muddin marar lafiya na numfashi fitilarsa na juyawa, in rai ya yi halinsa sai ya kashe ta, ya rage gudu.

Wata rana bayan azahar ina ciniki da wani mai motocin janwe, na jefa wayata a durowa don kada a katse mu, sai jan haske ya haske bangon shagon. Fitilar da ke kan kantar ce ke juyawa, ba waya, ba batir!

Mutumin ya ja da baya. "Alhaji, wannan kuma tallar ce?"

"Kayan zamani ne, Oga, wani caji ya rage a ciki," na ce, alhali na san ba inda caji zai zauna. Gabana ya faɗi, har na kai hannu durowa, sai ya ce zai duba shagon gaba, na janye hannuna muka ci gaba. Can fitilar ta mutu.

Da na buɗe wayar, kiran matar Yaya ne jere. Faɗuwa ya yi a Anguwan Rogo, kuma Pam ne ya ɗauke shi.

"Alhaji, yana ta kiran sunanka," in ji Pam a wajen jana'iza. "Ban so kashe fitilar motar nan ba, Allah ya sani."

Na warware fitilar shagon har ƙarshe, ban ga komai ba, ba ta kuma sake kamawa ba ko da batir.

In jikinku ya ba ku wani abu, ku bar ciniki ku duba naku. Mai janwe har yau abokin cinikina ne. Abin da Yaya yake son gaya mini kuwa, ban ji ba.