Albarkar da Tankari Bai Kai Ba

Mai abu Ya karɓi abinSa. Ranar Talata, farkon watan Shawwal, Allah Ya yi wa Malam Tankari, tafintan kasuwar Shisanhang, rasuwa a nan Guangzhou. Ni ban yi boko ba, Yalwa maƙwabcina ke rubuta mini, amma abin da kunnena ya ji ba ya ɓata.

Tankari, tun shekarar korona na san ka, lokacin da aka fitar da mu baƙar fata daga gidajen haya. Kai ka tsince ni a bakin titi da jakata, ka raba ɗakinka biyu. Faransanci da Sinanci duk suna bakinka. 'Yan kasuwa nawa ka fitar daga hannun lawban, wato masu shagunan nan, ba ka jira ko godiya ba?

Sai ga ka da furfura ka kama koyon Sifaniyanci. Ɗiyarka Aicha na aure a Sifen, jikarka Firdausi kuwa ba ta jin Hausa. Ka ce so kake ka ɗora hannu a kanta ka sa mata albarka da harshen da za ta gane. Ka ce a yarensu kalma takan sake kama idan fata ko addu'a ake yi, nan ne wahalar. Muna cin abinci kana biyawa, muna tafiya masallaci kana biya kalmarsu ta sa albarka: bendiga, bendigas, bendigamos. 'Yan kasuwa suka laƙaba maka Alhaji Bendiga, suna dariya.

Na ce maka, “Ga waya, ka faɗa mata mana.”

Ka ce, “Malam, albarka ba saƙon kaya ba ce. Sai da hannu.”

Aka hana ka biza, ka sake nema, aka sake hanawa. Ka ci gaba da biyawa har ciwo ya kwantar da kai.

Ranar jana'izarka ba mu cika sahu ɗaya ba. Masu dariyar nan, waɗanda ka yi shekaru kana ara wa bakinka, suna tashar jiragen ruwa ta Huangpu wai ana loda musu kwantena. Na san su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ni da niyyar mantawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya sa Aljanna ce makoma. Aicha, Allah Ya ba ki haƙuri, ke da 'yan uwa na garinku Tawa baki ɗaya.

Gobe da safe, bayan na idar da salla, zan ɗauki muryata a waya in aika wa Firdausi da Sifaniyanci: “Ke Diyos te bendiga.” Allah Ya yi miki albarka ke nan, haka ka fassara mini. Hannun dai babu shi. In na karya yaren kuma, Tankari, kai ka tafi ba ka gyara mini ba.