Ɗingishin Kakana

Na hau dandamali ba adadi a rayuwata, kuma yawancin wuraren na manta da su tun kafin in cire kayan wasa. Amma yammacin da na sa kakin kakana a tsakar gidanmu a Zuru, dangi sun kewaye ni suna jira, wannan kam ba zai fita raina ba har in koma ga Mahaliccina.

A shekarun nan na dubu biyu da 'yan kai, sana'ata ita ce barkwanci a cikin wani jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa. Idan na faɗi haka a gida sai a yi mini kallon maƙaryaci, kuma ban ga laifin kowa ba, don ni kaina kafin in je Legas ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kogin Yawuri ba. Bayan na gama sakandare ne aka tura ni wurin kawuna, soja a wani bariki a can, da fatan shi ma ya cusa ni aikin kaki kamar sauran mazan gidanmu. Kaki bai karɓe ni ba. Sai na faɗa hannun wata ƙungiyar masu rawar gargajiya, aikina in fito in ba mutane dariya yayin da 'yan rawa ke canza kaya. Da ƙungiyar ta sami aiki a jirgi, aka haɗa da ni.

Wasan da ya ciyar da ni guda ɗaya ne, kuma daga gida na ɗauko shi. Kakana tsohon soja ne, kowa a unguwa Kofur yake ce masa. Harsashi ya same shi a gwiwar dama lokacin yaƙin basasa, ƙafar ta sandare ba ta lanƙwasuwa, amma wannan bai hana shi tafiyar fareti ba har tsufansa. Fartanya a kafaɗa kamar bindiga, ƙirji a gaba, ƙafar nan tana jan ƙasa a bayansa. Kowace safiya sai ya zagaya rumbunan dawa yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, ya sara wa fasto idan ya gamu da shi, ya daka wa awaki tsawa su shiga layi. Ni kuwa jika ne, wasa tsakanina da shi halal ne, don haka tun ina ƙarami nake bin bayansa ina kwaikwayonsa. Ya juyo da sanda ya ce, “Ɓarawon mata! Ka ƙwace mani tsohuwa, yanzu kuma tahiyata kake so?” Kaka, matarsa, wadda ke kirana maigida, ta yi ta dariya har tana riƙe ciki.

A wajenmu wannan wasa yana da ranarsa. Idan tsoho ya rasu da cikar shekaru, bayan an binne shi an yi addu'o'i, akwai ranar da dangi ke taruwa, jika ya sa kayan mamacin ya yi tafiyarsa da maganarsa da faɗansa, jama'a su sake ganin mutuminsu sau ɗaya, su yi dariya su yi kuka. Sai bayan nan matar mamaci ke tashi daga zaman makoki ta koma harkokinta. Zuwan coci bai kawar da wannan ba. Kowa a danginmu ya san idan ranar Kofur ta zo, ni zan yi shi.

Rayuwar jirgi daga waje gwanin sha'awa ce. Otal ne sukutum aka ɗora bisa ruwa, da wurin wanka da wurin rawa da abincin da ba ya yankewa. Amma mu ma'aikata can ƙasa muke kwana, a ɗakin da babu taga, ƙugin inji a kunne ba hutu. Ba ka zama inda baƙi ke zama, ba ka cin abin da suke ci, kuma ko cikinka na juyawa saboda igiyar ruwa, da ka haɗu da baƙo a hanya sai ka washe baki. Yawancin baƙin tsofaffin Turawa ne da suka gama aiki suka fito cin guminsu. Ba su jin Hausa, Turancina kuma ba ya kai ni ko'ina, don haka wasana babu magana a ciki, jiki ne kawai.

Mai kula da wasanni a jirgin wata Baturiya ce, ma'aikaciya ta gaske, wadda ba ta ƙaunar shiru. A wurinta idan zaure ya yi tsit na ɗan lokaci, to wasa ya mutu. Ranar da ta fara kallon gwajina ta tsayar da ni. Ta ce ta gefen da nake shigowa dandamali, ƙafar da nake ja tana ɓuya daga 'yan kallo, in mayar da ɗingishin ƙafar hagu. Na mayar, ban ɗauki abin a bakin komai ba. Bayan 'yan makonni ta ce tsohon sojan ya riƙa faɗuwa idan ya zo sarawa. Daga baya aka ƙara kwalbar giya a aljihu, aka ƙara wando mai zamewa. Gaskiya ta san aikinta, kowane ƙari sai dariya ta ƙaru. Tsofaffin nan har hawaye suke yi, wasu su tare ni a ɗauki hoto. Haka na yi ta yi kusan kullum, wata bayan wata, har jikina ya riƙa yin wasan ba sai na yi tunani ba.

Duk inda jirgi ya tsaya nakan nemi waya in kira gida. A lokacin wayar hannu ba ta daɗe da isa Zuru ba, sai in kira ta wani maƙwabci a kai wa mahaifiyata. Wata rana da hantsi, a wata tashar da ko sunanta ba na iya faɗa daidai, na ji muryarta ta canza tun daga gaisuwa.

“Kofur ya tafi,” ta ce. “An rufe shi tun makon jiya. Ba mu da hanyar da za mu same ka.”

Na tambayi yadda Kaka take.

“Tana ɗaki. 'Yan'uwanka sun ce za su yi wasan a sallame ta, ta ƙi. Ta ce babu mai sa kakin nan sai maigidanta, ko shekara za ka yi za ta jira. Kuma ka san ta, abinci ma sai an yi da gaske.”

Ba a barin jirgi a tsakiyar aiki don kakanka ya rasu. Sai da wa'adina ya cika. A tsakanin nan kullum sai na fito na yi tsohon soja yana faɗuwa, Turawa na tafi, ni kuma in koma bayan labule. Abin da ke riƙe ni shi ne tunanin cewa aƙalla hannuna bai bar wasan ba, idan na isa gida zan yi wa Kaka shi yadda ba a taɓa yi wa kowa ba.

Na iso Zuru ana tsakiyar yankan dawa. Na shiga ɗakin Kaka. Matar da na bari tana ɗaukar itace daga bayan dutse ta koma 'yar mitsitsiya a kan tabarma. Ta ɗago ta dube ni ta ce, “Maigida, ka taho? Ka bar ni da jira.” Ta nuna mini jakar da kakin ke ciki, a wanke, a ninke.

Aka sa rana. Dangi suka zo daga Mahuta da Dirin Daji, tsofaffin sojoji abokan Kofur suka zauna jere a benci ƙarƙashin mangwaro, mata suka fito da Kaka suka zaunar da ita a bakin ƙofarta. La'asar ta yi sanyi. Na sa kakin, na ɗauki fartanyarsa, na fito ta bayan rumbu.

Na yi taku na farko, na biyu, na jira dariya inda na saba jinta. Babu. Na ƙara buɗe ƙirji, na ƙara jan ƙafa. Tsit, sai kukan kaji. Wanda bai yi sana'ar nan ba ba zai san abin da shiru ke yi wa mai barkwanci ba. Sai jikina ya yi abin da aka koya masa idan zaure ya yi sanyi: na ɗaga hannu zan sara, na saki jiki na zube ƙasa. Wasu yara suka ƙyalƙyale, aka kwaɓe su. Ɗaya daga cikin tsofaffin sojojin ya kau da kai gefe.

Ina ƙasa na ji muryar Kaka, ba da ƙarfi ba.

“Wa kake yi?”

Na ce, “Kofur ne, Kaka.”

“Wanga ba nawa ba ne. Nawa ƙafar dama ce. Kuma tun da nike da shi bai taɓa faɗuwa gaban mutane ba.”

Na dubi ƙafafuna. Wallahi sai a lokacin na lura hagu nake ja. Na miƙe na gwada mayarwa dama, ƙafar ta ƙi, sai harɗewa nake yi kamar mai koyon tafiya. Abin da na iya tun ban san hagu da dama ba ya ɓace mini, a rana ɗaya tak da ake bukatarsa. Kunya ta kama ni, amma tsoro ya fi kunyar yawa, don na san idan na kasa, tsohuwar nan ɗaki za ta koma, kuma ban ga alamar za ta sake fitowa da ƙafarta ba.

Sai na ga tana yunƙurin tashi. Mata suka kai hannu, ta ture su. Ta tako a hankali har inda nake, ta zagayo ta tsaya a damana, ta kama hannuna ta ɗora a kafaɗarta.

“Ɗora nauyinka,” ta ce. “Kada ka ji tsoro, na saba. Ku gaba kuke kallo, ƙirji da sarawa. In za shi hau tudun gona, nan yake dafawa.”

Na dafa. Kafaɗar ƙashi ce zalla, amma ba ta motsa ba. Ta sa ƙafarta ta danne gefen takalmina na dama ta ce, “Wagga ba ta ɗagawa. Ja ta. Kada ka yi sauri, shi ba ya sauri, mutane yake sa su jira shi.” Muka taka tare. A taku na uku ko na huɗu na ji abin ya dawo, daga ƙugu ya fara, ya gangara gwiwa. Muka nufi rumbun farko. Na tsaya na duba shi sama da ƙasa, na ƙwanƙwasa da fartanya, na girgiza kai irin na wanda bai gamsu ba. Wata akuya ta gifta, bakina ya daka mata tsawa da muryar da ban san tana cikina ba har yanzu.

Wata gwaggona ce ta fara fashewa da dariya, dariyar ta juye kuka, sai gidan duka ya ɗauka. Da muka zo gaban benci na tsaya cak na sara. Tsofaffin nan suka miƙe, wani da sanda, wani da taimakon na kusa da shi, suka mayar mini. Babu wanda ya tafa.

Muka zagaya har ƙofar gida, inda ake cire kayan. A nan Kaka ta ɗago ta dubi fuskata, kuma na san ba ni take gani ba. Ta gyara wuyan kakin, ta kakkaɓe ƙasar da ta manne a kafaɗa lokacin da na faɗi, ta yi magana da yarenmu ƙasa-ƙasa. Ce masa ta yi ya sauka lafiya, dawa ta yi kyau bana, kada ya damu da rumbu. Sannan ta yi kukan da aka ce ba ta yi ba tun ranar da aka binne shi. Da ta gama ta share fuska da gefen zane, ta juya ta ce wa mahaifiyata a kawo mata tuwo.

Na koma jirgi bayan hutuna, don can abincina yake. Na ce wa Baturiyar zan riƙa shigowa ta ɗaya gefen dandamalin, kuma tsohon sojan ya daina faɗuwa. Ta ce dariya za ta ragu. Ta ragu ɗin, kuma da sabon wa'adin ya ƙare ba a sake kirana ba. Ban riƙe ta a zuci ba, abin da aka ɗauke ta yi take yi.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, idan kana kwaikwayon mutum, amanarsa ce a jikinka. Baƙo zai yi dariya ko wace ƙafa ka ja, gobe ya manta da kai. Amma akwai wanda ya san wace ƙafa ce, ya san inda nauyin yake sauka, kuma wata rana gabansa za ka tsaya. Duk abin da za ka gyara don baƙi su ji daɗi, ka tabbata na ainihin yana nan a wurinka ba ka taɓa shi ba, don masu shi za su zo nema.