Littattafan Baba Bawa Mai Awon Gulbi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina wankin wake da safen nan ƙanwata ta bugo waya daga Bakura: Baba Bawa mai awon gulbi ya rasu.

Har yanzu waken na cikin ruwa.

Aminin mahaifina ne. Aikinsa, safe da yamma ya hau keke zuwa bakin gulbi, ya duba wani ƙarfe mai lambobi da aka kafa cikin ruwa, ya rubuta inda ruwa ya kai. Tun ba a gina dam ɗin Bakolori ba yake yi, aka gina yana yi, ya yi ritaya bai bari ba.

Muna yara mukan tsokane shi: "Baba, gulbin ya ce a gaishe mu?" Sai ya ce, "Ya ce ku yi wanka, ƙazamai."

Shi ya taɓa zuwa har gida ya ce wa innata ta kwashe albasarta daga fadama. Kwana biyu ruwa ya shafe wurin.

Da ɗakinsa ya fara yoyo, ya kawo mini buhun littattafansa nan Mafara in adana masa. Ni kuwa ƙosai nake sayarwa. Wata rana takardar naɗi ta ƙare, na buɗe buhun na zaro waɗanda suka fi tsufa, takardarsu duk ta yi ja. Na ce waɗannan kam sun gama amfani. Shafi-shafi, littafi huɗu suka tafi.

Watan jiya, ranar kasuwar Talata, ya zo da fara'arsa. Ya ce wasu malaman jami'a na son littattafan. Ya ɗauki tsinke ya ja layi uku a ƙasa, masu nuna hawa da saukar ruwan gulbi.

"Ɗiyata, wanga na wata guda ne, wanga na shekara, wanga na shekaru barkatai. Kin ga kamarsu ɗaya? Ɗa da uba da kaka. Ƙananan cika kullum suna tahe, babba sai an daɗe. In ka san ƙananan, ka san ta bakin babba."

Na ce, "To Baba, ai sababbin sun isa."

"A'a. Tsofaffin su ne zinariya. Su kaɗai suka ga gulbin nan kafin a tare shi."

Na ce buhun na can ƙarƙashin kaya, ya bari sai wata Talatar. Ya ce ba komai. Na naɗe masa ƙosai a leda, ya tafi yana sa mini albarka.

Talata uku yana aiko saƙo, ina cewa ina nan tafe.

Kunya ce ta hana ni. Da na faɗa masa, na san iyaka ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Ko wannan ɗin ban ba shi damar faɗi ba.

Sauran littattafan na nan, na kakkaɓe su. Gobe zan kai wa iyalinsa wurin gaisuwa, in faɗa musu da bakina. Don Allah wanda ya san malaman nan ya yi mini magana ta inbos.

Ya Allah ka jiƙan Baba Bawa, ka haskaka kabarinsa, ka shayar da shi daga Alkausara. Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini gafara, don wanda zan roƙa ya riga ya tafi.