Tabon Kurkunu a Kasuwar Batsari

Jiya a kasuwar Batsari wani dattijon Ruma ya tsayar da ni, ya nuna mini tabo a ƙwaurinsa. "Ke ce surukar marigayiya! Ita ta cire mini kurkunu!"

Wayyo daɗi! Nan take ƙanshin man kaɗanya ya dawo mini. Na tuno Inna, uwar mijina, zaune, ƙafarsa a cinyarta, kullum tana naɗe tsutsar a ɗan kara kaɗan-kaɗan, don in ta katse ƙafar ta lalace.

Ina amarya lokacin, na toshe hanci. Ta harare ni: "Yesu ma ya wanke ƙafafun mutane, ke wace ce?"

Ranar da mutumin ya warke ya taka ƙasa, ita ta yi ta rawa har ɗankwalinta ya faɗi.

Ya Ubangiji, ka ɗanɗana mini wannan murnar kafin in bi ta.