Fadamar Rilishan

Shekarun baya, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina sabon malamin firamare a Kurfi, rigima ta ɓarke tsakanin mahaifina da amininsa a ƙauyenmu da ke wajejen Zobe. Gulbi ne ya yi ta janyewa shekara da shekaru, har ya bar wata fadama mai laka a gefen gonakinsu. Kowa ya ce tasa ce. Mutanen da aka yi wa kaciya tare suka daina gaisawa, har ana zancen zuwa gaban alƙali a Dutsin-Ma.

Na kai kukana wurin hedimastanmu, wanda ya taɓa yin tafinta a kotu. Ya ce, "Malam, ai Turawa suna da kalma ga wannan: reliction. Wato ruwa ya janye a hankali ya bar ƙasa. Daga harshen Latin suka aro ta, asalinta abin da aka bari a baya. A shari'arsu, kowa ya ɗauki abin da ke daura da gonarsa."

Na hau kekena sai gida, ina ta bitar kalmar a hanya kada ta ɓace mini. Na tarar da Baba a zaure, na gyara murya na zuba masa ita.

"Rili-me?" in ji Baba. Na maimaita. Ya yi dariya har da hawaye. Can ya manta cewa gaba suke yi, ya leƙa waje ya ƙwala wa amininsa kira: "Malam, zo ka ji abin da ɗanka ya kwaso a boko!"

Amininsa ya shigo yana ɗari-ɗari. Da ya ji, ya ce, "Rilishan? Cuta ce ko magani?" Suka ɓarke da dariya tare, ni kuwa ina tsaye cikin dogon wando ina gumi. Da na bayyana asalinta, sai ya dubi Baba ya ce, "Ai mu ma barin ta za mu yi, Malam."

A ranin nan tare suka shuka albasa, ba wanda ya ja iyaka.

Dukansu sun rasu kafin a gina dam ɗin Zobe, ruwa ya shanye fadamar. Ban sake jin wani ɗan boko ya furta kalmar ba. Amma tsofaffin ƙauyenmu, in suna nuna wa jikoki tsakiyar ruwan, har yau cewa suke, "Can Rilishan take."