Rijiyar Mai a Bayan Gidan Gwaggo

Da farko mun ɗauka foraj, wato rijiyar burtsatse, za a haƙa mana. Mutum uku ne suka zo cikin farar mota, suka auna filin da ke bayan unguwarmu, suka kafa turaku masu jan fenti. Mata har da guɗa, don rijiyarmu ɗaya ce, da rani sai an bi layi. Sai da aka kewaye filin da waya, manyan motoci kamiyo-kamiyo suka sauke ƙarafa, sannan wani direba ya gaya wa mai shayi cewa ba ruwa ake nema ba, man fetur ne.

A lokacin ina koyarwa a lakwal ɗin unguwar. Gidan da ya fi kusa da wayar na Gwaggo ne, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami. Mijinta ya rasu, tana zaune da awakinta, tana matsar man gyaɗa. Daga murhunta zuwa wayar bai fi taku ashirin ba.

Tun da aka tayar da injin haƙar bai ƙara yin shiru ba. A aji na yi ta ɗaga murya har ta dishe, daga baya na daina. Sai in rubuta darasi a allo, yara su kwafa, mu tashi. Bangon ɗakin Gwaggo ya tsage daga sama har ƙasa. Ma'aikatan kamfanin man sun haƙa wani rami suna zuba baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Awakinta biyu suka bi ta ƙarƙashin waya suka sha, kafin azahar sun mutu. Ruwan rijiyarmu kuma ya fara yin wani maiƙo a sama.

Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Aka yi ta magana, kowa da nasa kukan. Daga ƙarshe liman ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, kai ka iya Faransanci. Kai za ka rubuta mana."

Na rubuta takardar kuka zuwa ga hukuma. Mutane suka dangwala yatsa har takarda ta cika gaba da baya. Muka kai meri, ofishin magajin gari, sakatare ya buga mata hatimi ya ce, "Wannan magana daga sama take, ba ta hannunmu ba ce." Muka je wajen perfe, shugaban gundumarmu, sau uku, kullum a ce ya tafi Damagaram. A zuwa na uku ban ma ji haushi ba. Na zauna a kan benci kamar mai jiran mota, da aka ce mu tafi na tashi.

Gwaggo ba ta yi shawara da kowa ba. Wata safiya ta ɗauki tabarma da buhun gyaɗa, ta shimfiɗa a tsakiyar hanya ɗaya tilo da motocin kamfanin ke bi, ta zauna tana ɓara. Maƙwabciyarta ta fito da turmi. Kafin hantsi mata sun cika hanyar, wasu na tsintar wake, wasu na kitso. Mu maza muka tsaya a gefe, ba mu san abin da za mu yi da hannuwanmu ba.

Jandarmomi suka zo. Babbansu ya durƙusa gaban Gwaggo ya ce, "Iya, ki yi haƙuri ki tashi. Hanyar gwamnati ce."

Ta ce, "Ɗana, gidana ba ya zaunuwa. Ka je ka zauna ciki minti goma, in ka iya, zan tashi."

Bai je ba. Ya miƙe ya tambaya wa ke rubuta takardu, aka nuna ni. Na wuni a ofishinsu suna tambayata wa ya turo mu, wace jam'iyya muke yi wa aiki. Na ce ba kowa. Suka sake tambaya, na sake faɗa. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba in ban da yunwa. Kafin magariba suka ce in tafi.

Kwana huɗu matan suna hanyar. A na biyar kamfanin ya aiko tafinta. Aka rufe ramin da tampol, aka ce motar ruwa za ta riƙa zuwa sau biyu a mako. Injin dai ya ci gaba. Hadari ya fara haɗuwa, kowa na da gonar da zai shuka, matan suka naɗe tabarmi.

Bayan kaka mutanen kamfanin suka kwance ƙarafansu suka tafi. Wasu sun ce ba su sami komai ba, wasu sun ce sun samu, sun toshe ne sai wata rana. Ba wanda ya zo ya yi mana bayani. Mai unguwa ya ce mu muka kore su, har ya yanka akuya. Na ci naman, mutane na dafa kafaɗata suna yi mini barka, ina amsawa.

Tari ya kama Gwaggo tun cikin damina bai sake ta ba. 'Yarta da ke aure a Yekuwa ta aiko a ɗauke ta. Muka ɗora gadonta da tukwane a kan amalanke. Ta ba ni makullin gidan ta ce, "In ka sami mai so, ya zauna."

Na ce to. Na raka su har bakin gari, na dawo lakwal, don ranar akwai jarrabawar lissafi.